Na gaji tsohuwar jitar Fender, in bari a kankare ta a sake mata fenti?

"Assalamu alaikum Malam. Baffana ya rasu bara, cikin kayan da suka faɗo hannuna har da jitar lantarkin da ya yi kiɗa da ita a otal-otal na Kaduna tun ina yaro. An rubuta Fender Stratocaster a kanta, lambarta ta fara da S7, sukuru uku ne ke riƙe da wuyanta. Ta fi shekara goma a sito. Fentin ya tsattsage, ya ɓantare a gefe, ƙarafan sun yi tsatsa, tsirkiyoyin sun yi sama da yawa, in na haɗa ta da amfilifaya kuma sai gunji da ƙarar-ƙarar. Wani mai fentin mota a unguwarmu ya ce zai kankare ta tas, ya fesa mata ja, ta koma sabuwa fil. In ba shi? In ba haka ba, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baffa, ya kyautata makwanci. Tambaya biyu ka haɗa wuri guda: yadda jitar za ta koma kiɗa, da yadda za ta koma ƙyalli. Ta farkon dole ce, kuma kusan duk abin da za a yi a cikinta ana iya warware shi in bai yi daɗi ba. Ta biyun kuwa, ranar da sanfefa ya ci fentin asali shi ke nan, ba mai dawo da shi har abada. Saboda haka amsata ita ce kada ka ba shi, aƙalla ba yanzu ba. Bari in faɗa maka dalili, sannan in nuna maka inda aikin gaskiya yake.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Alamun da ka lissafa sun yi daidai da Stratocaster ta wajajen 1977. A 1976 ne kamfanin Fender ya mayar da lambar jita zuwa kanta, kusa da tambari, kuma harafin S da adadin da ke biye da shi suna nuna shekarar. Sai dai ana buga waɗannan lambobi da yawa a ajiye, don haka mai S7 tana iya zama ta fita daga masana'anta a 1978. Wuya mai sukuru uku ya shigo ne a 1971, ya kai farkon shekarun 1980. Zamanin CBS ke nan, kamfanin da ya sayi Fender daga hannun Leo Fender a 1965 ya riƙe shi har 1985. Masu tara tsofaffin jitoci sun fi girmama na kafin 1965, kuma an daɗe ana raina na ƙarshen shekarun 1970 saboda nauyinsu da kuma gurbin wuyan da yakan zo da ɗan sako-sako. Amma yau taka ta doshi shekara hamsin, darajarta kuma ta tashi.

Duk da haka kada rubutun da ke kai ya ruɗe ka, tambari takarda ce da kowa zai iya saye ya manna. A waɗancan shekarun kamfanonin Japan irin su Tokai da Greco da Fernandes suna ƙera kwafin Stratocaster mai kyau ƙwarai, kuma na sha ganin irinsu an liƙa musu sunan Fender daga baya. Shaidar gaskiya tana ciki. Ka sassauta tsirkiyoyi, ka kwance farantin robar da ke gaban jitar, ka juya shi a hankali kada waya ta tsinke. A bayan maɓallan ƙara za ka ga lambobi. In sun fara da 137, kamfanin CTS ne ya yi su, biyun da ke biye shekara ce, biyun ƙarshe mako. Wato 1377723 na nufin mako na 23 na 1977. Sai ka duba gindin wuya da gurbin da yake zama, galibi akwai hatimi da lambobi na masana'anta. A saman kai kuma, inda tsirkiyoyi suka tsallake zuwa kunnuwa, za ka ga notin sandar ƙarfen cikin wuya ya leƙo kamar harsashi. In waɗannan sun haɗu, da wuya ta zama jabu. Ka ɗauki hoton kowane abu kafin ka taɓa shi, kowane sukuru kuma ka sa shi a leda ka rubuta inda ya fito.

Abin da ya sa fentin ya fi ƙarfin a yi wasa da shi

Dillalan tsofaffin jitoci suna da ƙa'idar da kowa ya sani a harkar: jitar da aka sake wa fenti takan yi asarar kusan rabin kuɗinta, ko da gwani ne ya yi aikin. Tsagar fenti, da gogewar inda hannun makaɗi ke kwanciya, da ƙarcen ƙarfen bel a baya, ba aibi ba ne a wurinsu, su ne ma shaidar cewa jitar ba a taɓa ta ba. Abin har ya kai tun 1995 Fender da kansa yake ƙera sababbin jitoci ya tsofar da su da gangan, ya ƙarce, ya ɓantare, ya sayar da tsada. Abin da kake son gogewa, wasu kuɗi suke biya a yi musu na ƙarya. Taka kuwa hannun Baffa ne ya yi ta. Ko ba ka da niyyar sayarwa, ka yi tunanin wannan kafin garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma batun irin fentin. Daga farko har ƙarshen shekarun 1960 Fender yana gama jitocinsa da naitiro, wato fentin nan da masu fentin mota ke kira selulos. Siriri ne, yana rawaya da tsufa, yana yin tsaga ƙanana kamar gashi, kuma sabo yana narkewa ya haɗe da tsoho, shi ya sa faci ke ɓacewa a cikinsa. Daga wajajen 1968 aka koma foliyesta mai kauri da tauri. Jikin taka kusan tabbas shi ne a ƙasa. Foliyesta ba ya narkewa, ɓantarewa yake yi, faci kuma yakan bar layi ko yaya aka ƙware. Wani abin lura: fuskar kan jitar, inda tambari yake, an ci gaba da fesa mata naitiro a wancan zamani, shi ya sa za ka ga ta fi sauran wuyan duhu. Wannan bambancin launi daidai ne, kada wani ya ce zai daidaita maka shi.

In kana son tabbatarwa, ka ɗiga asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, a kan auduga, ka ɗan taɓa wani wuri da farantin roba ke rufewa. Naitiro zai yi laushi ya yi danƙo nan take, foliyesta ko gezau. Wannan gwaji yana da wani amfani na biyu. Jitocin da suka yi yawon otal da gidan biki sau da yawa an taɓa shafa musu fentin gwangwani a sama. In haka ne, albishirinka, domin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, za ta cire na saman ta bar foliyestan asali a ƙasa. Na fitar da jitoci da dama daga ƙarƙashin irin wannan shafe-shafe, da tsumma da haƙuri kawai.

Game da sauti kuwa, za ka ji masu cewa fenti mai kauri yana shaƙe katako, a cire shi jita ta yi numfashi. A jitar da ba ta lantarki ba, mai rami a ciki, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A Stratocaster mai kauri kamar allon ƙofa, ra'ayina shi ne bambancin bai kai a kankare fenti dominsa ba. Sababbin tsirkiyoyi da saitin wuya za su sauya maka sauti fiye da haka nesa ba kusa ba.

Aikin da ya kamata ka yi

Da wuya za ka fara, domin shi ne ran jitar. Jiki ko ya lalace ana kiɗa da shi, wuyan da ya murɗe kuwa ya gama aiki. Tunda ta daɗe a sito, ka fara duba ko gara ko ƙwaro sun shiga, ƙananan huda da garin katako su ne alama. Sai ka ɗaga jitar ka hango wuyan daga kai zuwa gindi. Ɗan lanƙwasa gaba ba komai, aikin sandar ƙarfen ciki ne ta gyara shi. Abin tsoro shi ne gefe ɗaya ya tashi ɗayan ya kwanta.

Tsirkiyoyin da ka ce sun yi sama, galibi shekarun da suka yi a ɗaure suna jan wuyan ne suka jawo. Ka cire notin nan mai kama da harsashi gaba ɗaya, ka goge zarensa, ka ɗiga masa mai kaɗan, ka mayar. Makullinsa mai kusurwa shida ne, na inci ɗaya bisa takwas, kada ka cusa na milimita ka cinye bakinsa. Kana ɗaurewa kwatan zagaye kawai, ka bari ya kwana, ka sake aunawa. In ya cije ya ƙi juyawa, tsaya nan. Sandar da ta karye a cikin wuya tana cikin mafi munin abin da ke samun jita. Yadda ake aunawa: da sababbin tsirkiyoyi a ɗaure daidai, ka danne babbar a ƙarfen farko da na ƙarshe cikin ƙananan ƙarafan da aka jera a wuya, ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na takwas. Kusan milimita 0.3 ake nema. Bayan nan ka saita tsayi daga jakin da tsirkiyoyi ke hawa, a ƙarfe na 17 babbar ta tashi kamar milimita 2, ƙaramar 1.6. Akwai wata ƙaramar huda a farantin ƙarfen bayan wuya, ta nan ake karkata wuyan in jaki ya kai ƙarshen saukarsa, amma sai an sassauta sukurun tukuna.

Ƙananan ƙarafan da aka jera a wuya, in sun yi rami a ƙarƙashin tsirkiya, ana daidaita su a goge. In sun cinye sai sauyi, kuma sauya su ba ya rage darajar jita yadda fenti ke yi, domin kowa ya san kayan cinyewa ne. Da hunturu za ka ji bakinsu yana ƙarce maka hannu. Ba tsawo suka ƙara ba, katakon ne ya bushe ya tsuke. Jita ta fi son damshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, mu kuwa a Arewa da hunturu yakan faɗo ƙasa da 20, da damina ya haura sosai. Ka riƙa ajiye ta a akwatinta, da hunturu ka sa soso mai ɗan lema a cikin robar sabulu mai huda ka ajiye a ciki, ba tare da ya taɓa jitar ba. Kada ta yini a but ɗin mota ko jingine da bangon da rana ke duka.

In saman wuyan baƙin katako ne mara fenti, ka goge dattin, ka shafa masa ɗigon farafin na ruwa irin na kemis, ka share. Ban da man gyaɗa ko manja, suna yin ɗoyi su yi danƙo. In farin katako ne mai sheƙi, akwai fenti a kansa, ba ya son mai ko kaɗan.

Sai wuta. Ƙarar-ƙarar da kake ji in ka murɗa maɓalli datti ne da tsatsa a ciki, ruwan feshin da masu gyaran rediyo ke wanke maɓalli da shi ya isa, ka fesa ka yi ta murɗawa. Haka makunnin zaɓen sauti da ramin da waya ke shiga. Kada ka yarda mai gyara ya ce a zubar da tsofaffin a sa sababbi don sauƙi, waɗannan maɓallan su ne takardar haihuwar jitar. In dole ta sa aka sauya wani, ka ajiye tsohon a akwati, ka kuma tabbatar sabon mai 250k ne. Maɗaukan sautin guda uku kuma, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar kaɗawarsu, ka auna su da mitar masu gyaran rediyo, lafiyayye yakan nuna tsakanin 5.5k da 6.5k. Wanda bai nuna komai ba wayarsa ta tsinke, kuma wayar ta yi siririn gashi, an naɗe ta sau dubbai a kan maganaɗisu. Sake naɗinta aikin mai na'ura ne, ni ma turawa nake yi, kada a gwada a gida.

Gunjin kuwa iri biyu ne. Irin waɗannan maɗaukai masu naɗi ɗaya halinsu ne su kwaso gunjin wutar gida, musamman kusa da janareta ko taransifoma ko fitila mai tsawo. Ana rage shi da liƙa takardar tagulla a cikin ramukan jiki a haɗa ta da wayar ƙasa. Amma in ka taɓa tsirkiya gunjin bai ragu ba, wayar da ke haɗe da ƙarfen sifirin a bayan jita ta cire, sai a mayar da ita da soda. In kuwa tsirkiya tana ɗan jan hannunka, ajiye jitar nan take. Laifin amfilifaya ne ko soket mara waya ta ƙasa, kuma wannan yana kisa.

Tsatsar ƙarafa ba wani abu ba ne. Ka jiƙa sukuru da sassan jaki a mai, ka goge da tsohon buroshin haƙori. In za ka yi aiki da soson ƙarfe, ka rufe maɗaukan sauti da salatif, in ba haka ba maganaɗisun zai kwashe garin ya cusa cikin naɗin. Jikin kuma tsumma mai laushi da ɗan man laita ya ishe shi, ba ya cin naitiro balle foliyesta. Ka guji folish ɗin mota da na kujeru mai silikon. Inda fenti ya ɓantare yana neman ci gaba da ɗagowa, ɗigon sufa gulu a ƙarƙashin bakin zai tsayar da shi. Iyakar abin da zan yi wa fentin ke nan. Tsagar da ake gani a kusurwar gurbin wuya galibi a fenti kawai take, ba ta shiga katako ba.

In ta kama dole a yi fenti

Akwai inda nake yarda a sake: in wani ya riga ya kankare na asalin, ko ruwa ya shiga ya ɗaga fentin ya ɓata katako, ko bincike ya nuna jikin ba na Fender ba ne. Kuma mai fentin mota ba baƙo ba ne a wannan harka, domin launukan Fender na musamman daga fentin motoci na DuPont aka ɗauko su, shuɗin da ake kira Lake Placid Blue ma launin Cadillac ne. Matsalar ita ce hannun da ya saba da ƙarfe. Zai ɗauko injin gurza, ya cinye lanƙwasar jikin, ya cike ramuka da filar mota, ya lafta fenti har cikin gurbin wuya, ya shanya a rana. In za ka yi aiki da shi, ka shirya jikin da kanka, feshi kawai za ka bar masa, kana tsaye.

Jiki kaɗai za a yi wa, ba a taɓa wuya, ba a taɓa kai. Ka rufe gurbin wuya da ramukan maɗaukai don hatimin ciki ya tsira. Yawancin ruwan cire fenti ba ya yi wa foliyesta komai, sai na'urar hura zafi da makankari, kaɗan-kaɗan, hannu yana tafiya. In ka tsaya wuri guda katako ya ƙone, ko gam ɗin da ya haɗa gutattakin jikin ya saki. Ka kuma shirya wa abin da za ka tarar: jikin da aka rufe da launi tun masana'anta yakan zama gutsure uku ko fiye da ba su dace da juna ba, don haka burin barin katakon a fili yakan ƙare a nan. Sai sanfefa a naɗe a kan katako mai lebur, lamba 180, 220, 320, ana bin tsawon jijiyar itacen. Yawancin na ƙarshen shekarun 1970 itacen ash ne, mai buɗaɗɗun ƙofofi, sai an cike su da filar katako, in ba haka ba fentin zai yi ta nutsewa. Daga nan sila mai toshe katako, sai farar shimfiɗa, sai launi siriri har ya rufe, sai fentin sheƙi mara launi kamar hawa goma, kada a wuce uku a rana.

Ni selulos nake zaɓa, don yana karɓar gyara. Fentin mota na zamani mai haɗin ruwa biyu ya fi tauri da saurin bushewa, amma tururinsa yana lalata huhu, ƙyallen hanci ba ya tare shi. Selulos ɗin ma sai da takunkumi mai matatar gawayi, kuma shi da tina wuta suke jira, ban da sigari, ban da risho, ban da janareta a kusa. Lokacin shekara ma yana da tasiri. Da damina lema takan maƙale a cikin fenti ya yi fari-fari kamar hazo, da hunturu ƙura, da bazara kuma feshin yana bushewa a iska kafin ya sauka ya bar jiki da kaushi. Na fi son Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da sassafe, a ɗakin da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne jira. Selulos yana bushewa a hannu cikin mintuna, amma sai ya rataya a inuwa mako uku zuwa huɗu kafin ya yi taurin gogewa. Sannan a bi shi da sanfefan ruwa daga 800 zuwa 2000, ruwan kaɗan, domin in ya shiga hudar sukuru katako zai kumbura ya tsaga sabon fentin. Sai man gogewa da tsumma. Bayan an gama kada ka jingine ta a kan matokari mai roba, roba tana cin selulos. Ka rubuta shekarar da aka yi fentin da fensir a cikin ramin maɗauki, ranar sayarwa kuma ka faɗa wa mai saye gaskiya.

Duk wannan daga bayaninka na gina shi, ban riƙe jitar a hannu ba, kuma murɗewar wuya ko halin sandar ciki ba a yanke musu hukunci daga nesa. Ka turo mini hoton bayan maɓallan, da gindin wuya, da fuskar kai, da wuyan an hango shi daga sama, tare da abin da mita ta nuna a maɗaukan uku da sakamakon gwajin asiton. In na gansu zan gaya maka abin da za ka iya yi da kanka da wanda sai ka kai wa mai gyara.